Malam Babu Rawani

Toranke,
Tsakiyar bazara.

Ƙanina Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Kano lafiya, ka tarar da ɗakinka yadda ka bar shi, wato kaca-kaca. Yaya gajiyar hanya, yaya zafin birni? Inna tana gaishe ka, ta ce ka manta ƙullin ƙuli-ƙulinka, ga shi nan na haɗa wa Ɗantani direba tare da takardar nan. Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, da na ɗauko magana sai ka tare ni da Turanci.

Jikin Malam da sauƙi, irin sauƙin da ka sani. Jiya da safe ya kira ni da sunana, har ya tambayi mijina a Gaya. Kafin hantsi kuma ya koma cigiyar Baffa Inuwa, wai ko ya dawo daga gona, mutumin da ya rasu tun kana goye. Muna nan a kan shirinmu. Duk wanda ya zo gaisuwa, Yaya Uwais ya tare shi a zaure ya ce ciwon gwiwa ne ya hana Malam fitowa limanci. Makaranta ma Yaya ke riƙe da ita. Duk faɗin Toranke ba wanda ya san gigin tsufa ne ke damun mahaifinmu sai mu da muka fito daga jikinsa, kuma haka Inna take so a bar shi har Allah Ya yi ikonSa.

Na kalli finafinan da ka tura mini a waya. Kai dai Allah Ya shirye ka, Badaru. Ba waƙa, ba rawa, ba biki, mutane sai kallon bango. Amma ba zan ɓoye maka ba, na mutumin nan da ya yi ta haƙa rijiya har ya tarar da ɗakinsa a ƙasa, da gadonsa da fitila a kunne, ya tsaya mini a rai. Ina tankaɗe ina tunaninsa, ina wanki ina tunaninsa. Na yarda da kai, akwai fim ɗin da ba don daɗi ake kallonsa ba, sai don ya tayar da mutum daga barci. In kana da wasu irinsa ka aiko.

Sai maganar kyamararka. Ka san Inna ba ta so yadda ka yi ta bin Malam da ita ba, ni na tsaya maka, don ka ce ajiya ce ta gida, jikoki su ga kakansu wata rana. To ka tuna safiyar da ya fito ba hula ba rawani, ya zauna a ɗakin baya yana biya wa tabarmi karatu alhali ba kowa a kai? Wannan kam ka goge ta. Ni da nake 'yarsa ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai a ciwon nan.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah Ya yi maka albarka.

Yayarka,
Safara'u.

*

Toranke,
Bayan shuka.

Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiyar jiki dai muna da ita.

Ranar kasuwa na shiga Ajingi sayen manja da omo. Ina wucewa ta rumfar masu tura finafinai a waya sai na ji muryar Malam tana fita daga sifika. Na ɗauka kunnena ne. Na matsa, na tarar da samari sun yi cincirindo a kan kwamfuta suna ƙyaƙyata dariya, ga ubana a ciki, kai a buɗe, yana biya wa tabarmi. Mai rumfar ya raɗa wa abin suna “Malam Ya Zare”, ya jera shi cikin na barkwanci. Da niƙabi a fuskata, ba wanda ya gane ni. Na miƙa wayata aka tura mini kamar kowace baƙuwa, har mai rumfar yana yi mini talla, wai Turawa sun sa shi cikin jerin finafinai masu duhu da suka cancanci kallo, kuma ɗan garin nan ne ya yi.

Na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗa maka gaskiya, ka iya. Ka cire launi ka bar baƙi da fari. Ka sa tawada tana barin allo tana komawa cikin alƙalami. Ka ɗora akuyar Inna a kan buzun Malam. Wurin da ya kakare a aya, mutumin da mahaddata ke zuwa daga Gaya don ya gyara musu, ka maimaita shi har sai da na toshe kunne. Da ban san tsohon ba, da na ce wannan ya fi na mai rijiya. Yanzu na gane abin da ban gane ba a da: duk finafinan nan naka da suka sa ni tunani, ban san ko uban wa nake kallo ba ne.

Can Turawa suna kallonsa suna share hawaye, nan suna kallonsa suna riƙe ciki. Ni ban ga bambanci ba, duka dai kallonsa ake yi.

Bari ka ji abin da aikinka ya haifa. Inna ta daina fita ko barka ko ta'aziyya, don duk inda ta shiga sai a yi tsit. Yaya Uwais ya zama maƙaryaci a zauren ubansa, waɗanda ya yi ta sallama da zancen gwiwa yanzu kallonsa kawai suke yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rigimar da ta taso a garin Gafasa. Ka tuna gonar marigayi Alhaji Ari da Malam ya raba wa magada, kowa ya yi na'am aka shafa fatiha? 'Ya'yan sun tayar da maganar, wai wa ya sani ko tun lokacin kan Malam ya juye. Lafiyarsa ƙalau ya yi rabon nan, kai ma shaida ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa ana kawo masa rigima yana kashewa, yau hukuncinsa ake tonowa ɗaya bayan ɗaya yana raye.

Ni na tsaya maka a gaban Inna, shi ya sa ba na iya haɗa ido da ita. Raina ya ɓaci da kai ɓacin da ban taɓa yi da wani mahaluki ba. Ban san yadda ake sauke abu daga intanet ba, amma wanda ya san hanyar hawa ya san ta sauka. Ka cire shi, Badruddeen, ka zo ka durƙusa wa Inna.

Ina jiran amsarka ta hannun Ɗantani.

Yayarka,
Safara'u.

*

Toranke,
Kakar gyaɗa.

Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka dawo lafiya daga ƙasar da aka kira ka karɓar lambar yabo. Na ga hoton, kwat ɗin ta yi maka kyau.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsanake. Ka ce bakin alƙalami ya bushe, ko ka cire naka yana cikin wayoyin mutane. Wannan gaskiya ne. Ka ce fim ɗin ba a kan Malam yake ba, a kan al'umma ce da ta manta kanta. To ita al'ummar ba ta da kai ne da sai na ubanmu za a tuɓe? Da ka juya kyamarar ka ɗauki kanka ranar da zazzaɓi ya kayar da kai kana kiran Inna, amma wanzami ba ya son jarfa. Ka ce ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Wataƙila kana da gaskiya a nan, na daɗe ina juya maganar. Sai dai ko da za a faɗa, Inna ce mai faɗa, a zaure, ga mutanen da za su ce Allah Ya ba shi lafiya. Ba a rumfar kasuwa ba.

A ƙarshe ka ce in nuna wa Malam, wai shi mai son gaskiya ne, da zai gani da ya sa maka albarka. Na yi niyyar yaga takardar a daidai nan. Daga baya na ce bari in cika maka, kada ka ce an hana ka shaidarka.

Shekaranjiya ya tashi garau. Ya gane Inna, ya sha kununsa da kansa, ya tambayi yadda gyaɗa ta yi bana. Bayan la'asar na naɗa masa rawaninsa, na zaunar da shi a inuwa, na riƙe masa wayar. Ya kalla shiru bai ko motsa ba. Da aka zo wurin da tsohon ya kakare, sai Malam ya ɗago yatsa ya ƙarasa masa ayar a hankali, daidai, ba gargada, yadda yake yi wa ɗalibai. Da ka maimaita wurin, shi ma ya maimaita gyaran, bai ƙosa ba. Na juya fuskata don kada ya ga idona.

Bai gane kansa ba, Badruddeen. Da fim ya ƙare ya tambaye ni ko wane ne wannan bawan Allah, na ce wani tsoho ne. Ya jinjina kai, ya ce da alama ya yi karatu a da, Allah Ya rufa masa asiri. Ya dubi wayar da ta yi duhu, sannan ya ce, “Safara'u, shi wannan ba shi da 'ya'ya ne, da za su sa masa ko hula?”

Na ce masa ban sani ba. In kana da wata amsa, motar Ɗantani tana tashi kullum, ka zo ka ba shi da bakinka tun yana iya tambaya.

Wassalam.

Safara'u Malam Datti.