Minti Biyar da Sakan Goma Sha Biyu

Ya sanyin idona, inuwar da na sare da hannuna, abokiyar lissafina, uwar 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwar busasshiyar ƙasa ga hadarin da ya taso ya wuce ta. Ina gaishe ki da bakin da ya cuce ki, don ba ni da wani. Ke ce ruwan randa da tsakar rana, ke ce iskar da ke riga ruwan sama isowa, ke ce ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko. Ni kuwa mutumin da aka ba wa duk waɗannan ne, ya yi wasa da su a gaban baƙi. Shekara uku da wata huɗu ke nan rabon da ki ji muryata. Na rubuta miki sau ba adadi ina yagewa. Wannan ba zan yage ta ba, domin yau ina da abin faɗa wanda ya wuce "ki yi haƙuri".

Kin tuna ɗakin lissafi na hawa na uku, mai fankar nan da ke ƙara kamar tana neman taimako, da tagar da ba ta rufuwa sai an cusa takarda? A nan na fara ganinki. Kin zo sabuwa, aka ce in nuna miki aiki, ni kuwa na gyara tsayuwa gaban allo ina ta zuba. Na ce miki waɗannan da muke kira Tagwaye taurari biyu ne masu zagaya juna, amma saboda nisa ko a madubin hangen nesa ɗigo ɗaya ake gani. Duk bayan kwana biyu da awa bakwai ɗaya yakan gifta ta gaban ɗaya, hasken ya ragu kamar an tare fitila da tafin hannu, sannan ya dawo. Wannan husufin muke jira. Mu rubuta lokacin da hasken ya kai ƙarshen raguwarsa, daga nan mu san tsawon zagayensu, mu san girmansu da nauyinsu ba tare da mun taɓa ganinsu a rarrabe ba. Kika bar ni na kai aya, kika ce a hankali, "Malam, ka manta ɗayan da ka riƙe a layi na uku." Na juya na duba. Na manta ɗin kuwa. Wace irin mace ce za ta kunyata mutum, ya tafi gida yana murmushi shi kaɗai a kan titi?

Ba a jima ba ɗalibai suka sa miki Malama Sakan-Sakan, don ba kya yafe wa kowa ko sakan ɗaya. Har bayan aurenmu in na ce miki ina nan tafe nan da minti biyar, sai ki ce, "Biyar ɗinka ko biyar na agogo?" Shekara biyar muna hawa matakalar nan tare da faɗuwar rana, ke riƙe da littafi, ni da filas ɗin shayi. Kina ƙirge a ƙasan numfashinki, kina tauna gindin fensir. Ban san ina cikin aljanna ba. Na ɗauka aiki nake zuwa.

Sai Allah ya ba mu 'Yar Tsuntsuwa. Ke kika sa mata haka, don yadda take wangale baki in ta ji motsinki. Wata bakwai ta yi mana. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta, kika dawo daga asibiti da zanin goyo a ninke a hannu. Ba zan tsaya a nan ba, hannuna ba ya yarda.

Bayan makonni kaɗan kika ce za ki koma aiki. Innarki ta hana, Yayanki ya hana, kika ce musu gidan ya yi miki shiru da yawa. Kika koma, kika riƙe awon nan kamar mai riƙe igiya a cikin rijiya. A watannin ne kika zaunar da ni wata safiya a teburin cin abinci, kika jera takardun shekara biyar, kika ce, "Duba nan. Husufin yana makara. Da sakan goma ne, ya koma arba'in, yanzu ya kusa minti biyu." Kika ce akwai tauraro na uku da ba mu gani, mai duhu, yana jan su biyun a wani babban zagaye. Yanzu yana nesanta su da mu, shi ya sa haskensu ke daɗewa a hanya. Wata rana zai juyo da su, makarar ta fara raguwa. Idonki ya yi haske a ranar, karo na farko tun da muka rufe yarinyar nan. Na gani da idona. Ina so ki san na gani.

Kin san abin da ya biyo baya, amma bari in faɗe shi da bakina ko sau ɗaya.

Farfesa ya zo ziyara, malamina, wanda ya auna Tagwaye tun kafin a haife ki, ya rubuta cewa zagayensu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Shi ya koyar da ni, shi ya kawo ni wannan aiki, kuma shi zai rubuta ko na cancanci ƙarin girma. Ɗakin taro ya cika. Aka haska zanen awonmu a bango. Ya cire tabarau ya nuna ɗigo goma sha bakwai na ƙarshe da suka kauce wa layinsa, ya ce, "Waɗannan fa? Wa ya ɗauke su?" Kika buɗe baki za ki yi bayani. Na riga ki. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri. An ɗauke su ne bayan rasuwar 'yarmu. Hankalinta ba ya jikinta, ina jin ba ta daidaita agogo ba."

Farfesa ya kaɗa kai cikin tausayi ya ce Allah ya jiƙan rai, wasu suka amsa. Tausayin nan ya fi zagi ciwo, na sani. Kika rufe littafinki, kika tura kujera a hankali don kada ta yi ƙara, kika fita. Da na dawo gida na tarar kin dafa abinci kin rufe mini. Da safe na gan ki a bakin ƙofa da jaka ɗaya. Na fara kame-kame, kika ɗaga mini hannu kika ce, "Da ka ce ban iya lissafi ba, da na haƙura. Amma ka tono ta ka kare kanka da ita." Kika sauka. Na ji takunki har ƙasa, ban bi ki ba. Me ya riƙe ƙafata? Wane girman kai ne ya fi takun nan nauyi? Kullum ina tambayar kaina, kullum ba amsa.

Tun daga ranar ban sake zama ni kaɗai a ɗakin awo ba, ko da kuwa ba kowa. In hasken ya fara raguwa a fuskar kwamfuta, sai in ji ana ƙirge a bayan kunnena, a hankali, da muryarki. In juya, kujera ce kawai da rigar sanyinki rataye a bayanta. Baba mai shara ba ta taɓa matsar da kujerar ba, kewaye ta take yi da tsintsiya. Duk ranar Litinin sai ta ce, "Malama ba ta dawo ba?" in ce tukuna, ta ce, "To," ta ci gaba da shararta. Wannan "to" ɗin nakan kwana da shi. A gida kuwa na daina shiga ƙaramin ɗakin. Wani lokaci da rana tsaka nakan ji kamar an wangale ƙaramin baki ana jiran a zo, in tsaya cak a tsakar falo da kofi a hannu har shayin ya huce. Ku biyu kuka tafi, ku biyu kuke dawowa, ba wadda ke yi mini magana.

Wata shida bayan tafiyarki ina neman fensir a aljihun teburinki na ci karo da takarda ɗaya a ninke. Rubutunki ne, ƙanana, a jere kamar tururuwa. Kin lissafa lokacin husufi na shekara huɗu masu zuwa, wata bayan wata, da makarar da kike tsammani a gefen kowane. A ƙasa kin ja layi biyu kin rubuta: za ta tsaya a wajen minti biyar da sakan goma, sannan ta juyo. Na sa aka kawo sabon agogo, don in tabbatar wa kaina da ƙaryata. Na ci gaba da awo. Ya rabin raina, kin san irin azabar da ke cikin mutum ya zauna yana jiran tauraro ya gaskata matar da ya ƙaryata? Minti biyu da rabi, kika ce. Minti biyu da rabi ya zo. Minti uku da sakan arba'in. Haka ya zo. Duk wata sai ki yi mini magana daga cikin takardar nan, ba faɗa, ba gori, lamba kawai. Na so ki yi kuskure ko sau ɗaya in samu wurin tsayawa. Daga baya na koma ina tsoron kada ki yi, domin takardar ita kaɗai ta rage mini da ke magana da muryarki.

Wata biyu da suka wuce makarar ta kai minti biyar da sakan goma sha biyu. Watan da ya biyo ta tsaya a nan. Daren jiya ta ragu da sakan huɗu. Ta juyo, masoyiyata. Sakan biyu kacal kika kuskure a shekara uku, kuma na san in kin ji za ki ɓata rai a kan biyun nan. Akwai na ukun. Kin gan shi ba tare da kin gan shi ba, da idon da ke kumbure da kuka, a watannin da na ce hankalinki ba ya jikinki.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na yi ta yage wasiƙu. Kwana ɗaya kafin taron nan na je wurin mai gyaran na'urorinmu na ce ya duba mini agogon. Ya buɗe littafin da ake sa hannu in an daidaita shi, ya bi shafi-shafi da yatsa, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Malama ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Ga hannunta." Na gani. Na shiga ɗakin taro ina sane. Ba ruɗewa na yi ba, ba suɓutar baki ba ce. Tsoron tsoho ɗaya mai tabarau ya sa na sayar da ke da 'yarmu a jimla ɗaya. Mai gyaran yana zaune a bayan ɗakin a ranar. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da dai yakan kira ni abokina. Tun daga ranar Dokta yake ce mini.

Yanzu kin san ƙarshen munina. Ba abin da na rage a aljihu.

Ga abin da zan yi, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Ranar Alhamis akwai taro a ɗakin nan dai, na roƙi Farfesa ya zo, ya ce zai zo. Zan haska takardarki a bango da rubutun hannunki, ba wanda kwamfuta ta gyara ba. Zan maimaita abin da na faɗa a wancan karon kalma bayan kalma, sannan in ce ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Rahoton binciken yana kan teburina da sunanki ke kaɗai a samansa. Ba zai fita ba sai kin duba shi kin yarda. In kin ce a ƙone, za a ƙone.

Na ji kina koyar da lissafi a makarantar da ke kusa da gidan Yaya, na ji yaran suna tsoronki suna kuma bin ki har bakin ƙofa. Ban zo in raba ki da su ba. Ban ce ki dawo ba. Wane baki gare ni? Roƙona ƙarami ne, kuma ya fi ƙarfina. Tun ranar da aka binne yarinyar nan ban sake zuwa wurinta ba. Nakan kai bakin hanyar in juyo, don ban san da wace fuska zan tsaya a kanta ba. Ranar Asabar da yamma zan zo in gaida Yaya. In ya bar ni na zauna, zan zauna. In ya tsayar da ni a waje, nan ma daidai ne. Ki aiko mini da kalma ɗaya ta bakinsa, ko in je ko kada in je. Ke ce uwarta, ke na ɓata wa ita. In kin ce in je, zan je in durƙusa in gaya mata mahaifiyarta ta yi gaskiya. In kin ce tukuna, zan dawo wata Asabar ɗin in sake tambaya.

Ya furen da ya buɗe a shekarar fari, ya kogin da na juya wa baya ina kukan ƙishi, ban kalli wata ba, ba zan kalla ba. Ko kin yafe ko kin riƙe, zuciyar nan taki ce har ranar da za a kwantar da ni kusa da 'yarmu.

Mijinki, in har yanzu kina kira na haka.