Guraben Dakta Zarami

Litinin, 12 ga Agusta
Dakta Zarami ya zo asibitinmu daga Kano, neman likitocin da za su shiga horon ƙwarewa a fanninsa na cututtuka masu yaɗuwa. Mu bakwai a ɗakin taro. Gurabe huɗu gare shi, bara mutum ɗaya ne ya nema. Abokin aikina Misbahu sai danna waya yake. Ni dai fannin ido nake so, ba annoba, ba tashin hankali. Na gaya wa Dakta Zarami haka. Ya ce, “Allah Ya ba da sa'a, Dakta Ummussalma.”

Asabar, 24 ga Agusta
Kogi ya ɓalle. An kwashe mutanen ƙauyuka uku zuwa wata firamare.

Talata, 3 ga Satumba
Amai da gudawa. Mutum goma sha tara aka kawo tun safe, gado bai isa ba. Wata Bintu ta kawo 'ya'yanta mata biyu, ƙaramar ta cika kafin in samu jijiya. Na rubuta lokaci, na wuce gado na gaba.

Alhamis, 5 ga Satumba
Dakta Zarami ya dawo, ba wanda ya kira shi. Ina yi masa bayanin ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya, ya katse ni: “A ina suke ɗebo na sha?” Ban sani ba. Kwana uku ina kansu, ban tambaya ba. Muka bi gado-gado da takarda. Kusan duk rijiya ɗaya ce, ta bayan firamaren, ambaliya ta tura mata ruwan masai. Kafin la'asar an rufe ta, an kawo tankar ruwa.

Juma'a, 13 ga Satumba
Mutum biyu kacal yau. An sallami babbar 'yar Bintu. Uwar ta riƙe hannuna ta daɗe. Ni ma na riƙe nata.

Lahadi, 22 ga Satumba
Wajen cin abincin rana na yi ta ba Misbahu labarin yadda ake bin sawun cuta, har shinkafata ta huce. Ya ce, “Ke Ummu, Zarami ya ɗauke ki aikin talla ne?” Na ce Allah Ya kiyaye, ido zan yi.

Ban gaya masa jiya na kira Kano ba. Ranar rufe karɓar takardun neman guraben Dakta Zarami kawai na tambaya. Talatin ga wata.