Kyanwar Kurmin Kogi

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya jikin Anti? Allah ya ƙara sauƙi.

Kyanwar dajin nan da na ɗaura wa na'urar bin sawu a wuya, wadda binciken digirina na biyu ya dogara a kanta, an kashe ta. Har ƙasa na durƙusa na roƙi sarkin baka su ɗaga farautar gayya sai 'ya'yanta sun yi wayo. Ya ce to. Ranar Asabar suka cinna wa dajin wuta.

Jiya sarkin bakan ya aiko mini da na'urar an wanke ta tas, wai: "Ga kayanki, mu ba ma cin amana."

Ka gaida yara, ka sa ni a addu'a. Har yanzu toka nake tonawa ina neman 'ya'yan.

Ƙanwarka,
Rakiya