Na hau ruwa, Umma ba ta sani ba

Daga admin: Wani ɗan'uwa ne ya aiko, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa komai ba, yau dai don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗalibi ne a nan Guangzhou, shekarata ta uku ina karatun haɗa magunguna. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya Nura. Shekara shida ke nan ruwa ya ci shi a dam ɗin bayan garinmu, ya je wanka da abokai. Har yau silifas ɗinsa na ƙofar ɗakinta, in tana shara sai ta ɗaga su ta share ƙarƙashi ta mayar. Ranar da zan taho China abu ɗaya ta roƙe ni, ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari ba zan kusanci ruwa ba. Na yi. Ban yi kuka a jana'izar Yaya ba, ban yi a filin jirgi ba, har yau ban yi ba.

Hutun bana, lokacin da kowa ya manne wa talabijin ana kallon Olamfik, wani malaminmu, Malam Lin, ya ga littafin lab ɗina ya ce bai taɓa ganin rubutu a tsare haka ba. Yana da ƙaramin jirgin ruwa, irin mai tafiya da iska, yana fita da shi inda kogin garin nan ya haɗu da teku yana ƙirga dolfin, kuma yana neman mai riƙe masa littafi. Ni ban iya ce wa malami a'a ba. Na gaya wa Kawu Sule, ƙanen Umma mai shago a kasuwar Tianxiu nan cikin gari, cewa makaranta ce ta tura mu aiki wani gari.

Kwana goma sha tara muka yi. Da asuba in ɗebo ruwan teku da bokiti in yi alwala, in duba kamfas in tsaya, kafin in kai raka'a ta biyu jirgin ya juya da ni, alƙibla ta koma gefen kunnena. Abinci shinkafa da kifi, in barbaɗa yajina, Malam Lin ya ɗanɗana sau ɗaya ya yi ta tari yana cewa na so kashe malamina. Na koyi jan igiya a ɗaga ƙyallen da iska ke turawa, na koyi sunkuyawa in sandar ƙyallen ta juyo. Sauran yinin zama ne da kallon ruwa. Dolfin ɗin nan ba kifi ba ne, haihuwa suke yi su shayar, manyansu ruwan hoda, 'ya'yan baƙi-baƙi. In ɗaya ta fito ta yi numfashi, in rubuta lokaci, da wurin, da tabon da ke bayanta. A jirgin nan na fara barci kamar mutum tun rasuwar Yaya.

A rana ta goma sha ɗaya muka ga wata uwa tana tura ɗanta da baki. Ya mutu, har ya fara kumbura. In ya nutse sai ta bi shi ta ɗago shi sama wai ya sha iska. Kwana huɗu muna ganin ta a wurin, ba mu ga ta ci komai ba. Malam Lin ya cire tabarau ya shige ciki. Ni na zauna ina rubutawa, ƙarfe goma da minti shida ta ɗago shi, goma da minti tara ta ɗago shi. Shafi bakwai. Ban ji komai ba, sai dai silifas ɗin nan da suka riƙa faɗo mini.

Da na dawo na je gaida Kawu, muka yi la'asar a shagonsa. Ashe na tsaya na ware ƙafafu ina rangaji kamar har yanzu ina kan ruwa, da aka sallame kuma na zaro kamfas na duba. Ya kama hannuna ya juya ya ce, "Malam Boko, wane laburare ne wannan mai sa kanta a tafin hannu?" Ban iya ƙarya sau biyu ba, na faɗa masa. Ya yi faɗa sosai, ya ce shi ya fito da Yaya daga ruwa da hannunsa, ya ce ba ni da imani, uwata tana shan maganin hawan jini ni ina can ina bin kifi. Ya ce da an tashi kasuwar baje koli ta Pazhou zai tafi gida, in ban gaya mata da bakina ba kafin nan, shi zai gaya mata.

Shi kuma Malam Lin zai sake fita bayan salla, ya ce gurbina na nan, in ba shi amsa ranar Litinin. Na san in na gaya wa Umma ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi, ta daina barci har in gama karatu. In na ce na tuba ba zan koma ba, ban sani ba ko gaskiya zan faɗa, don tun da na dawo hostel barcin ya sake tafiya.

Jiya Juma'a Umma ta kira kamar kullum. Ta tambayi azumi, ta tambayi abin da nake buɗa baki da shi, sannan ta ce, "Ba ka dai zuwa wurin ruwa ko?" Na ce ba na zuwa. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ni ban taɓa saɓa mata ba. Da ta ajiye wayar na ga na buɗe littafin jirgin na rubuta lokacin, huɗu da minti goma sha biyu.

'Yan'uwa, in kira ta in faɗa mata kafin Kawu ya sauka Kano, ko in roƙe shi ya rufa mini asiri in haƙura da ruwan? In kuma faɗa mata zan yi, da wace kalma ake fara gaya wa uwa irin tawa cewa ɗanta ɗaya da ya rage a kan ruwa kawai yake iya barci?