Katanga Mai Lamba Sha Biyar

Zuwa ga Sarkin Barci,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin da ya fi maka kakarka daɗi. Na rubuto ne don maganar nan ba ta waya ba ce, ƙanenka Auta yana ji.

Yau kwana arba'in da ɗaya da faɗowar Auta daga turken lantarki, kwana tara kuma rabonsa da magana. Yana asibiti, gado na ƙarshe kusa da taga, fuska a bango. Likita ya kira mu ofis ni da uwarku, ya ce ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba. Uwarku ta ce kada a faɗa masa. Kowa ya shigo sai "an kusa miƙewa". Har ni.

A jakar aikinsa, ƙarƙashin filaya da tef, na tsinci littafin wasan nan naku da ɗan lido mai fuska ashirin. Ina ajiye shi kan bargo ya damƙe. Na lura wasan na jan labari ne. Ba da labari dai ba wanda zai koya mini, da shi na yaye ku. Amma mene ne "Ƙarfi (Hawa) 15" da aka rubuta gefen hoton katanga? Awon magani ne? Karatuna aji huɗu ne, yi mini dalla-dalla.

Taka, matar da ka gudu ka bari.

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da ladabi, yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ke ce mai jan labari, shi kuma mutum ɗaya ne a ciki, maharbin da ke takardar bayan littafin. Duk lokacin da maharbin zai yi abin da zai iya gagara, sai a jefa ɗan lido. Kalmar farko, Ƙarfi, abin da aka halicce shi da shi ne. Ta cikin baka, Hawa, abin da ya koya ne. Lambar kuma wuyar abin ce. A takardarsa Ƙarfi na da ƙarin ɗaya, Hawa na da biyu. In ya jefa, ki ƙara uku. Ya kai sha biyar ko ya wuce, ya haye. Bai kai ba, bai haye ba.

Sun hana ni hutu sai wata mai zuwa. Ki yafe mini.

Jikanki.

Sarkin Barci,

Gaisuwa a gurguje, don na yi ɓarna.

Kwana uku muna wasa bayan an gama zagayen likitoci. Bai yi magana ba, amma yana nuna hanya da yatsa, yana jefawa a kan farantin abinci. Na saka masa kare a labarin, na sa masa irin halinka, ci da barci. Wallahi sai da gefen bakinsa ya motsa.

Sai muka iso katanga. Karen ya maƙale a bayanta yana kuka. Auta ya nuna sama, ya jefa, huɗu ta fito. Huɗu da uku bakwai, ko mai aji huɗu ta san wannan. Amma ka gaya mini, da wane baki zan ce wa wanda ya faɗo daga turke "ka faɗo"? Na ce maharbi ya ɗare katanga kamar ƙadangare.

Ya dubi lambar, ya dube ni. Irin kallon da yake yi wa masu cewa an kusa miƙewa. Ya buɗe hannu, ɗan lidon ya gangara ƙarƙashin gado, shi kuma ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu ke nan ana mayar da abincinsa yadda aka kawo. Nas ta ce in ya ci gaba sai an sa masa roba ta hanci.

Kakarka mai ƙaton baki.

Kaka,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne.

Shi ya rubuta sha biyar ɗin nan da hannunsa. Mutumin da aikinsa karanta mita ne ba a ɓoye masa lamba. A ɗakin nan kowa yana rage masa gaskiya, wasan kaɗai ne wurin da abin da ya fito shi ne ya fito, shi ya sa ya damƙe shi. Kuma rashin kaiwa ba ya kashe labari. Ki faɗi abin da ya faru, sannan ki tambaye shi, me za ka yi? Haka muke yi tun muna yara.

Ƙafafun a jikinsa suke, Kaka. Ya riga likita sani.

Jikanki.

Maigidana,

Ina gaisuwa. Na shiga ƙarƙashin gado da gwiwoyin nan nawa, sai da mai shara ta ciro ni. Na sa masa ɗan lidon a hannu, na ce jifar baya ba ta karɓu ba, alƙaliya ta yi maguɗi.

Ya jefa tara. Na ce sha biyu, ba ta kai ba. Hannunka ya zame, ka faɗo, kare yana can yana kuka. Me za ka yi?

Ya dube ni. Sannan da wata murya kamar tsohuwar ƙofa ya ce, "Tsohuwa, ni nawa likita ya ce na jefa?"

Na faɗa masa duka. Ya yi kuka har aka kawo abincin rana, ya ci cokali uku. Uwarku ba ta yi mini magana tun jiya.

Da zan fita ya ce, "Katangar ba ta da ƙofa?" Na duba littafin kaf, babu. Rubuto mini wace kalma da wace lamba ake sa wa neman ƙofa. Kada ka rage masa ko ɗaya.

Taka har kullum.