Sani Ba Zai Zo Shago Ba

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Yaya ƙafar taka, yaya Hajiya da yara? Mu nan Dakoro lafiya lau.

Ka ce in turo maka Sani shago, tunda na'urori masu basira sun ƙwace aikin masu karatun ordinata, wato kwamfuta, irinsa. To, shi na'urar ya sa aiki. Ya koya mata gane tsutsar hatsi daga hoton zangarniya a wayar portabul. Ranar kasuwar Kornaka manoma layi suka yi masa, kowa da zangarniyarsa. Na ji wani na tambaya ɗan wa ne. Wallahi ban bari wani ya riga ni amsawa ba.

A sa shi cikin addu'a, a gaida mutanen gida. Gurbin shagon kuwa, ka ba wani.

Ƙanwarka,
Hadiza