Hular Waldar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti da yara? Takarda na rubuto saboda a waya, da zarar na ambaci Baba, sai ka ce layi ba kyau.

Yaya, na gaji. Wallahi na gaji. Shekara biyu ke nan ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ina ɓoye makullin ƙofa don kada ya fice ya nufi shagon waldarsa, shagon da aka rufe tun rasuwar Mama. Yanzu ko gane ni ba ya yi. Jiya ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ni da na gama canza masa zanin gado! A wurin ɗinki kuma shugabarmu ta ce in na ci gaba da makara za ta ba wata kekena.

Ba faɗa nake ba. Ka zo ka ɗauke shi, kai ma ɗansa ne.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso, kuma na fahimci halin da kike ciki. Allah ya saka miki da alheri. Sai dai kin san aikin makaranta, ɗalibaina na tsakiyar jarrabawa, ɗakin baƙinmu kuma yoyo yake yi. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Kin ji za a yi kusufin rana ranar Talata? An ce rana za ta rufe gaba ɗaya, a wurinmu da wurinku, kuma da wuya mu sake ganin irinsa. Ki duba akwatin Baba, hular waldarsa mai baƙin gilashi za ta yi miki amfani. Ki kalla da ita, amma da zarar rana ta rufe ruf ki ɗage ta, a nan kyan yake. Ki fita ki sha iska, zai rage miki damuwa.

Ki gaida Baba.
Naki, Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ce maka na gaji, ka aiko min da darasin sararin sama. Malami dai! To, ga labarin kusufin naka.

Na ciro hular na ajiye a tebur. Baba na ganinta ya miƙe da kansa, mutumin da sai na tallafe shi yake tashi. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ya ce, "Yawwa, wannan ne mai duhun. Ɗaya gilashin da ke akwati na yankan ƙarfe ne, kada kowa ya taɓa shi." Na tsaya baki buɗe.

Muka fita da hular bakin titi wurin maƙwabta. Nan Baba ya koma oga. Layi ya sa suka yi, kowa ya leƙa ya miƙa wa na baya. Mai facin taya ya zo da tabarau na gayu, Baba ya daka masa tsawa: "Idon naka biyu ne suka yi maka yawa?" Mutum mai jikoki ya cire tabarau ya bi layi sumul.

Sai haske ya fara dusashewa kamar ƙwan lantarkin da ya kusa mutuwa. Iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka yi tsit, fitilun titi suka kama da tsakar rana. Wani ya ƙwala ihu, "Ta rufe! A cire gilashi!" Lokacin hular na kaina. Na ɗage ta kamar yadda ka ce.

Ban ga komai ba, Yaya. Kafin in ɗaga ido Baba ya rufe min fuska da tafin hannunsa, ya jawo kaina ƙirjinsa. Ya ce, "Tartsatsi, sau nawa zan gaya miki? Ba a kallon wuta babu gilashi."

Tartsatsi fa! Sunan da yake kirana da shi ina ƙarama, in na laɓe a ƙofar shago ina leƙen aikinsa. Jama'a na ta salati, ana "Ku ga zobe, ku ga taurari!", ni kuwa ina cikin duhun hannunsa, ina jin kantar tafinsa a girata. Da na so da na ture hannun, ba shi da ƙarfi yanzu. Ban ture ba. Kuka na yi ta yi har rana ta dawo.

Washegari da safe ya sake tambayata wa nake nema. Na makara wurin ɗinki kuma.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Sau uku na karanta takardarki, na kasa shiga aji. Ni na ga kusufin duka, har na tara bayanin da zan rubuto miki, yanzu kunyarsa nake ji. Na sa an gyara yoyon. Ina tafe ranar Asabar da mota, ki haɗa kayan Baba duka. Ki yafe min.

Yayanki

*

Yaya,

Allah ya kawo ka lafiya. Na haɗa kayan, amma na wata ɗaya ne, ba duka ba. Barci nake so in yi, ba rabuwa da shi ba. Magungunansa na aljihun jaka na gefe, kuma ka riƙa ɓoye makulli.

Hular tana wurina. In ya neme ta, ka san hanya.

Ƙanwarka,
Tartsatsi